Kashe kai a Meziko: Mata sun fi yunƙuri, maza sun fi mutuwa

Kowace rana ta Allah kimanin mutum 24 ne ke kashe kansu a ƙasar Meziko, kuma kusan 20 daga cikinsu maza ne. Amma idan aka shiga gidaje aka tambayi waɗanda suka taɓa yunƙurin hakan suka tsira, sai lissafin ya juye: mata, musamman ƴammata, su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Wannan bambanci shi ne babban abin da ke ci wa hukumomin lafiyar ƙasar tuwo a ƙwarya, domin hanyar da za a bi a ceto yarinya mai shekara 15 daban take da wadda za a bi a ceto magidanci mai shekara 35.

Abin da alƙaluma suka nuna

Meziko ƙasa ce da ke kudu da Amurka, mai mutane miliyan 126 bisa ƙidayar shekarar 2020. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INEGI, takan fitar da rahoto duk shekara gab da ranar 10 ga watan Satumba, wato ranar yaƙi da kashe kai ta duniya. A rahotonta na shekarar 2023 hukumar ta lissafa mutum 8,837 da suka kashe kansu. Kashi 81.1 cikin ɗari maza ne, kashi 18.9 mata. Idan aka auna da yawan jama'a, a cikin kowane maza 100,000 an rasa 11.4, a cikin kowane mata 100,000 kuma an rasa 2.5. Ke nan duk mace ɗaya da aka binne, an binne maza fiye da huɗu.

Matsalar kuma ƙaruwa take yi. A shekarar 2013 adadin ya tsaya a mutum 4.9 cikin 100,000, shekaru goma bayan nan ya kai 6.8. Tun kafin wannan lokaci, wani bincike da Guilherme Borges da abokan aikinsa na cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ramon de la Fuente Muñiz suka wallafa a 2010 ya nuna cewa daga 1970 zuwa 2007 kashe kai ya ƙaru da kashi 275 cikin ɗari a ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce tsakanin 2000 da 2019 matsalar ta ragu da kashi 36 cikin ɗari a duniya baki ɗaya, sai nahiyar Amurka kaɗai ce ta samu ƙari na kashi 17.

Mafi yawan waɗanda ake rasawa matasa ne. Kusan biyu cikin uku na mamatan 2023 ba su cika shekara 40 ba. A ɓangaren mata abin ya fi muni, domin uku cikin huɗu ne ba su kai wannan shekarun ba. Jihohin Chihuahua da ke arewa da Yucatan da ke kudu maso gabas su ne ke kan gaba, sai Campeche da Aguascalientes, yayin da jihar Guerrero ke da mafi ƙarancin adadi.

Waɗannan alƙaluma na mamata ne. Na masu rai kuwa, binciken lafiya da abinci mai gina jiki na ƙasa, ENSANUT, shi ke tattara su ta hanyar bin gida gida. A 2006 kashi 1.1 cikin ɗari na matasa ƴan shekara 10 zuwa 19 ne suka ce sun taɓa yunƙurin kashe kansu. A 2012 adadin ya koma 2.7, a 2018 ya kai 3.9, a 2022 kuma, bayan annobar korona, ya haura zuwa 6.5. A wannan binciken na 2022, kimanin yarinya ɗaya cikin goma ce ta amsa cewa ta taɓa gwadawa, alhali a cikin samari kimanin uku ne cikin ɗari.

Masana sun daɗe da lura da wannan lamari mai kama da baya-ba-zane. A 1998 Silvia Canetto da Isaac Sakinofsky suka rubuta wata maƙala da ta yi fice a kansa, inda suka nuna cewa a ƙasashe da dama mata sun fi yin tunani da yunƙuri, maza kuma sun fi mutuwa. Meziko na daga cikin ƙasashen da tazarar ta fi faɗi.

Nauyin da ke kan mata

Duk wanda ke son fahimtar abin da ke kai ƴammatan Meziko ga wannan mataki, sai ya duba abin da ke faruwa a cikin gida. Binciken ENDIREH na 2021, wanda ya shafi zamantakewar iyali, ya gano cewa kashi 70.1 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cin zarafi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Kashi 51.6 sun sha zagi, barazana ko wulaƙanci, kashi 49.7 sun fuskanci cin zarafi ta fuskar lalata, kashi 34.7 sun sha duka. Kusan mace huɗu cikin goma sun ce miji ko saurayi ne ya yi musu. Ana kuma kashe mata kimanin goma a kowace rana a faɗin ƙasar.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa fyaɗe da duka, musamman idan sun faru tun ana ƙuruciya, suna daga cikin manyan abubuwan da ke jefa mutum cikin ciwon damuwa da tunanin hallaka kai. Abin ya fi tsanani idan mai laifin ɗan gida ne, domin yarinyar ba ta da inda za ta gudu, kuma sau da yawa dangi sukan zaɓi rufa asirin gida a kan kai ƙara.

Akwai kuma abin da al'ada ke tsammani daga mace. A 1973 wata masaniya mai suna Evelyn Stevens ta raɗa wa wannan ɗabi'a suna marianismo, daga sunan Maryamu mahaifiyar Annabi Isa: mace tagari ita ce mai haƙuri, mai sadaukar da kanta, wadda ba ta kai kuka waje. Binciken yadda ake amfani da lokaci na 2019 ya nuna cewa matan Meziko suna shafe awowi fiye da ninki biyu na maza a aikin gida da renon yara da jinyar tsofaffi, aikin da ba a biyan ko kwabo a kansa. Ƙasar kuma na sahun gaba a yawan ciki na ƙananan ƴammata a tsakanin ƙasashen ƙungiyar OCDE, kuma sai a 2019 ne dokar tarayya ta haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. A wani binciken INEGI na 2021, kashi 15.4 cikin ɗari na manya ne aka samu da alamun ciwon damuwa, amma a cikin mata adadin ya kai 19.5.

Sai dai mata sun fi maza buɗe baki. Sun fi zuwa asibiti, ko don awon ciki ko don rigakafin yara, sun fi faɗa wa ƙawa ko ƴar uwa abin da ke damunsu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake gano su da wuri, ake kuma ceto da yawa daga cikinsu.

Namiji ba ya kuka

A Meziko ana yi wa yaro namiji tarbiyya da cewa maza ba sa kuka. Wannan shi ne abin da suke kira machismo: namiji shi ne mai ciyar da gida, mai taurin rai, wanda ba ya neman taimako kuma ba ya nuna rauni. Likitan nan Benno de Keijzer, wanda ya yi shekaru yana aiki da maza a Meziko, ya rubuta tun cikin shekarun 1990 cewa irin wannan tarbiyya kan mayar da namiji haɗari ga mata da yara, ga sauran maza, da kuma ga kansa. Rahoton da reshen OMS na nahiyar Amurka, OPS, ya fitar a 2019 ya nuna cewa namiji ɗaya cikin biyar a nahiyar yana mutuwa kafin ya cika shekara 50, kuma mata sun fi maza tsawon rai da shekara 5.8.

Idan darajar mutum ta rataya a kan abin da yake kawowa gida, to ranar da aiki ya ƙare ko bashi ya yi masa katutu, sai ya ji kamar mutuncinsa ne ya zube. Fiye da rabin ma'aikatan Meziko aikin buga-buga suke yi, ba takardar ɗaukar aiki, ba inshorar lafiya, ba fansho. Mutuwar aure da rabuwa da ƴaƴa su ma kan girgiza maza da yawa, domin galibi matar ce kaɗai wadda suke faɗa wa damuwarsu.

Ciwon damuwa a jikin namiji ba kasafai yake bayyana da hawaye ba. Yakan fito ta hanyar saurin fushi, faɗa, tuƙin ganganci, rashin barci ko shaye-shaye, shi ya sa iyali da ma wasu ma'aikatan jinya ba sa gane shi. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa mazan da ke shan giya fiye da ƙima sun kusa ninka mata sau uku. Giya kuwa tana gusar da tunani, tana sa mutum ya aikata cikin mintuna abin da ba zai aikata ba da yana cikin hayyacinsa.

Wani nazari da OPS ta shiga ciki, wanda aka wallafa a farkon 2023, ya duba ƙasashen nahiyar Amurka ya gano cewa yawan kisan kai da shan giya da ƙwayoyi suna tafiya tare da ƙaruwar kashe kai a tsakanin maza, yayin da a tsakanin mata rashin daidaito a fannin ilimi ne ya fi tasiri. Rashin aikin yi kuwa ya shafi kowane ɓangare.

Dalili na ƙarshe shi ne hanyar da ake bi. Maza sun fi karkata ga hanyoyin da ba sa barin lokacin ceto, irin su bindiga, yayin da a yunƙurin mata aka fi samun abin da likita zai iya magancewa idan an garzaya da mutum asibiti da wuri. Wannan ya sa wasu ke cewa mata neman a kula da su kawai suke yi. Masana sun yi watsi da wannan magana. OMS ta ce babu wata alama da ta fi nuna cewa mutum na iya kashe kansa nan gaba kamar a ce ya taɓa yunƙuri a baya. Yarinyar da aka sallama daga asibiti aka mayar da ita gidan da ake cin zarafinta, ba tare da an bibiyi halin da take ciki ba, har yanzu rayuwarta na cikin haɗari.

Ci-rani da gidajen da aka bari

Miliyoyin ƴan Meziko na ci-rani a Amurka, kuma a 2023 kuɗin da suka turo gida sun haura dala biliyan 63. Amma kuɗin ba su cike gurbin wanda ya tafi. Wani bincike da Borges ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya gano cewa ƴan Meziko da ke da wani ɗan uwa a Amurka sun fi fuskantar tunani da yunƙurin kashe kai fiye da waɗanda babu kowa nasu a can. Haka ma ƴaƴan ƴan Meziko da aka haifa a Amurka.

A can Amurka, masani Luis Zayas ya shafe shekaru yana nazarin dalilin da ya sa ƴammata ƴan asalin Latin Amurka ke yawan yunƙuri, ya kuma fitar da littafi a kan batun a 2011. Abin da ya gano shi ne yarinyar kan tsinci kanta tsakanin duniya biyu: a gida iyaye na son biyayya da kunya irin ta ƙasarsu ta asali, a makaranta kuma ana koya mata cin gashin kai. Inda uwa da ƴa suke fahimtar juna suna hira, haɗarin yana raguwa sosai.

A jihar Yucatan kuwa, an daɗe ana jingina matsalar ga al'adar ƙabilar Maya, bisa wani labari da limamin Katolika Diego de Landa ya rubuta a ƙarni na 16 game da wata abar bauta mai suna Ixtab. A 2016 masana Beatriz Reyes-Foster da Rachael Kangas sun bi diddigin labarin suka ga hujjojinsa ba su da ƙarfi. Illar irin wannan bayani ita ce yana kawar da ido daga talauci, shaye-shaye, wariya da ƙarancin likitoci, waɗanda su ne gwamnati za ta iya yin wani abu a kansu.

Matakan da hukumomi suka ɗauka

A 2020 gwamnatin Meziko ta ƙaddamar da shirin ƙasa na rigakafin kashe kai, PRONAPS. Daga cikin abin da shirin ya ƙunsa akwai tsarin da ake kira Codigo 100, wanda aka samo daga birnin Madrid na ƙasar Sifaniya. Tsarin yana koya wa ma'aikatan asibiti yadda za su auna girman haɗarin da mutum ke ciki, su ba shi kulawar gaggawa, sannan su haɗa shi da wanda zai ci gaba da duba shi bayan sallama. A watan Mayun 2022 an yi wa dokar lafiya gyara domin mayar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan asibitocin unguwa da manyan asibitoci na kowa da kowa, maimakon kulle marasa lafiya a gidajen masu taɓin hankali. A 2023 aka haɗe hukumomi uku aka kafa CONASAMA, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Akwai kuma layin tarho na kyauta, Linea de la Vida, mai lamba 800 911 2000, da ke aiki dare da rana. Ƴan Meziko mazauna Amurka kuma suna da layin 988 da aka buɗe a watan Yulin 2022, wanda ke amsa kira da harshen Sifaniyanci.

Cocin Katolika, wanda kusan kashi 78 cikin ɗari na ƴan ƙasar ke bi, shi ma ya sassauta. Har yanzu yana ɗaukar kashe kai a matsayin babban zunubi, amma tun 1983 dokokinsa suka daina hana yi wa wanda ya kashe kansa jana'iza, kuma koyarwarsa ta 1992 ta yarda cewa matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa ko ƙunci na rage alhakin mutum. Wannan ya sauƙaƙa wa iyalai faɗin gaskiya game da musabbabin mutuwar ɗan uwansu.

Duk da haka giɓin na da girma. Kason da lafiyar ƙwaƙwalwa ke samu daga kasafin lafiya bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Wata ƙidaya ta 2016 ta samu likitocin ƙwaƙwalwa 4,393 a duk ƙasar, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari suna zaune ne a birnin Meziko da jihohin Jalisco da Nuevo Leon. Manomin da ke wani ƙauye a tsaunukan Chihuahua sai ya yi tafiyar awowi kafin ya ga ɗaya.

Babban ƙalubalen kuma shi ne yawancin waɗannan matakai suna jiran mutum ya kawo kansa, alhali maza, waɗanda su ne takwas cikin goma na mamatan, ba sa zuwa. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su GENDES a birnin Meziko ke tara maza su tattauna a tsakaninsu game da fushi, cin zarafi da damuwa. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya an buɗe layin tarho na maza zalla mai suna Linea Calma a ƙarshen 2020. Masu nazari na ganin dole a je a samu maza a inda suke taruwa: wuraren gini, tashoshin mota, filayen ƙwallo, shagunan aski da cibiyoyin barin shaye-shaye. Ga mata kuwa, rigakafin na farawa ne daga hukunta masu cin zarafi, samar da mafaka, barin ƴammata a makaranta, da tambayar halin da zuciyar mace ke ciki duk lokacin da ta zo awon ciki ko bayan haihuwa.

Abin da ya shafe mu

Meziko na da nisa, amma matsalar ta kowa ce. OMS ta ce mutum fiye da 720,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, kashi 73 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A 2019 yankin Afirka ne ke da adadi mafi girma, mutum 11.2 cikin 100,000, yayin da matsakaicin duniya yake 9. Bambancin shi ne Meziko na ƙirga mamatanta tana rarrabe maza da mata, da shekaru da jihohi, shi ya sa ta san inda ciwon yake. A ƙasashenmu mutane da yawa na rasuwa a gida a binne su ba tare da takardar likita ba, kuma kunya na sa iyali su ɓoye.

Doka ma na taka rawa. A Meziko yunƙurin kashe kai ba laifi ba ne, wanda ya taimaka ko ya zuga shi ake hukuntawa. A Najeriya dokokin hukunta laifuka sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙuri, abin da likitoci ke cewa yana hana mutane zuwa asibiti. Ƙasar Gana ta soke irin wannan doka a 2023.

Jagorar da OMS ta fitar a 2021 ta ginu ne a kan matakai huɗu: nisanta mutane daga abubuwan da ake hallaka kai da su, jan hankalin kafofin watsa labarai su daina bayyana hanyar da mamaci ya bi ko yaɗa hotunansa, koya wa matasa yadda za su jure matsalolin rayuwa, da gano masu haɗari da wuri tare da bibiyarsu. Matakin farko ya shafi yankunan noma kai tsaye. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, kuma an ƙiyasta cewa hakan ya ceci rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015, ba tare da amfanin gona ya ragu ba.

A matakin iyali, alamun da likitoci ke cewa a lura da su sun haɗa da mutum ya riƙa cewa ya gaji da rayuwa ko ya zame wa mutane kaya, ya ƙaurace wa jama'a, ya rarraba kayansa, ya yi ta neman gafara kamar mai bankwana, ko halinsa ya sauya farat ɗaya. Bincike ya nuna cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa ko gori, a kawar da magunguna da guba da makamai daga kusa da shi, sannan a raka shi asibiti mafi kusa a ranar. Ciwon damuwa yana da magani, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri suka samu kulawa suna ci gaba da rayuwarsu.